Kitso, bargo da ramuka: me ya tabbata a labarin masu taimakon bayin Amurka su gudu?

Ummu_Safiyya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wani bidiyo ke ta yawo, har a gurup ɗin iyayen yara na makarantarmu an turo shi. Wai a zamanin bauta a Amurka mata kan yi wa juna kitso mai taswirar hanyar gudu, kuma wai masu taimakon bayi kan shanya bargo a kan shinge, kowane zane da ma'anarsa: wannan a haɗa kaya, wancan gidan nan akwai aminci. Har da cewa sun haƙa ramuka daga gari zuwa gari. Ina son in ba 'yata labarin, amma ba na son in ɗura mata abin da ba shi da tushe. Masana tarihin gidan nan, wanne ne gaskiya, wanne ne ƙanzon kurege?

Dan_Fagge: Wa alaikumussalam Hajiya. Ni na kitson ya fi burge ni, kuma ban ga abin musu ba. Wanda aka hana karatu da rubutu ai dole ya nemo wata dabara.

Malam_Habu: Wa alaikumussalam. Hajiya, mu fara da abin da babu gardama a kansa. An yi mutanen da suka riƙa taimakon bayi masu gudowa daga jihohin kudu zuwa na arewa da Kanada, musamman daga wajen 1830 zuwa ɓarkewar yaƙin basasa a 1861. Su ake yi wa laƙabi da layin dogo na ƙarƙashin ƙasa, amma ba jirgi, ba dogo, kuma ba ƙungiya ɗaya ba ce mai shugaba da rassa. Ƙananan rukunoni ne a garuruwa daban-daban. Mutum ya san gida ɗaya ko biyu a gabansa, ya ba ka abinci, ya canja maka tufafi, dare ya yi ya miƙa ka gaba. Wurin ɓuya kuwa rumbu ne, ko saman rufi, ko ƙarƙashin kaya a keken doki.

Maganar bargo a 1999 ta bazu, ta hanyar wani littafi da aka gina kan bakin mace ɗaya mai sayar da barguna a kasuwar Charleston, wadda ta ce daga kakanninta ta ji. Ta rasu kafin littafin ya fito. Tsakanin 1936 da 1938 gwamnatin Amurka ta tura marubuta suka yi hira da tsofaffi fiye da 2,300 da aka haifa cikin bauta. Sun ba da labarin bulala, da abinci, da waƙoƙi, da yadda aka gudu, ba wanda ya ambaci saƙon bargo.

Dan_Fagge: Malam, ai sirri ne. Wa zai faɗa wa Bature mai biro da takarda sirrin gidansu?

Bintu_Zinder: Ina tare da Ɗan Fagge a nan. Mu da rabin tarihinmu a baki yake, bai kamata mu raina tarihin baka ba don kawai ba a rubuta ba.

Malam_Habu: Malama Bintu, ba raini ba ne. Mu ne muka gaji ilimin isnadi, mun san ana tambayar wa ya ji daga wa, kuma su nawa suka ruwaito. Labarin da aka ce dubban mutane sun yi aiki da shi a jihohi da yawa, amma sai bayan shekara 130 da ƙarewar bauta mutum ɗaya ya ruwaito shi, ka san matsayinsa. Kuma bayan soke bauta a 1865 ba sauran abin tsoro, waɗanda suka yi aikin sun fito sun faɗi dabarunsu dalla-dalla, wasu har da alfahari.

Injiniya_Sadiq: Ku duba abin ta fuskar aiki mana. Kana gudu da dare, ba fitila, karnuka a bayanka, sai ka je bakin shingen mutane kana duba zanen bargo? Ramin da za a haƙa tsakanin gari da gari kuma, ina za a kai ƙasar da aka tono ba maƙwabta sun gani ba?

Maman_Haidar: To kitson fa? Kun tsallake shi, alhali shi ne ya fi shafar mu mata.

Bintu_Zinder: Wannan na san tushensa. Ba na Amurka ta Arewa ba ne, na Kolombiya ne. Akwai wani gari San Basilio de Palenque kusa da Cartagena, zuriyar bayin da suka gudu suka kafa gari a daji tun ƙarni na 17, suna danganta kansu da jagoransu Benkos Biohó wanda Sifaniyawa suka rataye a 1621. Makitsan can ne suke ba da labarin cewa kakanninsu kan nuna hanya ko shirin gudu da salon kitso. A Suriname ma zuriyar gudaddun bayi suna cewa kakanninsu mata sun ɓoye irin shinkafa a gashi, har akwai nau'in shinkafar da suke kira da sunayen matan. Tarihin baka ne na al'umma guda da ke zaune a wuri ɗaya tun ɗaruruwan shekaru, ina ganin ya fi na bargo ƙarfi. Masu bidiyo ne suka ɗauko shi suka liƙa wa Maryland da Virginia.

Maman_Haidar: Ni dai makitsiya ce, in gaya muku gaskiya. Alama za ta yiwu, a ce in kin ga na yi shuku to daren yau ne. Amma taswirar tafiyar wata guda a kan mutum? Mai kan ma ai ba ta ganin kanta.

Aminu_Columbus: Gaisuwa daga Ohio. Na kai iyalina wani ƙaramin gari Ripley a bakin kogin Ohio, tsallaken kogin Kentucky ne, ƙasar bauta a lokacin. A kan tudu akwai gidan wani fasto John Rankin, daga can kana hango tsallake tarwai. Shi fitila yake kunnawa, wannan ya tabbata. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne John Parker, gidansa na ƙasa a bakin ruwa. Bawa ne da ya fanshi kansa, ya buɗe maƙerar narka ƙarfe a garin. Da rana yana wurin sana'arsa, da dare ya shiga kwalekwale ya tsallaka Kentucky ya kwaso mutane. A labarin da ya bayar da bakinsa, akwai ma'auratan da uban gidansu ke kwana da jaririnsu a ɗakinsa don kada su gudu. Parker ya lallaɓa cikin ɗakin, mai gida na barci da bindiga a kusa, ya ɗauko jaririn.

Ramuka kuwa, nan kusan duk tsohon gidan da ke da ɗakin ƙasa sai a ce maka tashar bayi ce. An taɓa nuna mini wani rami a wani gida, da na tambayi shekarar ginin sai aka ce bayan yaƙin basasa ne. Wurin ajiyar dankali ne kawai.

Dan_Fagge: Tabɗi. Wannan Parker ɗin namiji ne.

Zee_Kaduna: "Na 'yanta bayi dubu, da sun san su bayi ne da na 'yanta wasu dubu." Harriet Tubman. Wannan maganar kullum tana motsa ni.

Malam_Habu: 'Yata Zee, ba ta faɗi haka ba. Masu binciken rayuwarta sun neme ta a duk abin da aka rubuta daga bakinta ba su samu ba, a zamanin nan aka ƙirƙiro ta. Kuma maganar cin fuska ce ga bayin. Mutumin da aka sayar da 'ya'yansa a gabansa ne bai san shi bawa ba ne?

Tun da an kawo Tubman, ga abin da ya tabbata a kanta. Sunanta na yanka Araminta Ross, an haife ta wajen 1822 a yankin Dorchester na Maryland. Tana budurwa wani mai gadin bayi ya jefi wani da dutsen awo na ƙarfe ya same ta a kai, daga nan har ta mutu barci kan sace ta ba shiri, tana ganin wahayi da take ɗauka saƙo ne daga Allah. Ta gudu a 1849 zuwa Philadelphia, tafiyar kimanin kilomita 145. Ta koma kusan sau 13 ta fito da mutum kusan 70, yawancinsu danginta da abokanta, har da iyayenta tsofaffi a 1857. Adadin 300 da ake yawan faɗa daga littafin farko da aka rubuta a kanta a 1869 ya fito. Tukuicin dala 40,000 da aka ce an sa a kanta ma ba a ga takardarsa ba. Sanarwar da aka gani ta Oktoban 1849 ce, dala 100 ga wanda ya kamo ta a wajen jihar.

Zee_Kaduna: Malam, sai rage mata daraja kuke yi. Daga 300 zuwa 70?

Hajiya_Kulu: Haba Zee. Mace ɗaya, gajera, ba ta karatu, ga ciwon da ke kayar da ita a hanya, ta shiga ƙasar da in an kama ta ta kaɗe, sau goma sha uku, ba ta taɓa rasa mutum ɗaya ba. Me za a ƙara mata? Ki duba dabarunta. Lokacin hunturu take zuwa don dare ya fi tsawo. Daren Asabar take tashi da mutane, domin Lahadi ba aiki, kuma jarida ba za ta buga cigiya ba sai Litinin. Jarirai ta ba su maganin barci. Wanda ya karaya ya ce zai koma ta nuna masa bindiga, don in ya koma za a doke shi ya tona kowa. A watan Yunin 1863 kuma ta raka sojojin arewa a jiragen ruwa cikin kogin Combahee a South Carolina, aka kwashe mutum fiye da 700 a dare ɗaya.

Dan_Fagge: To waƙoƙin fa? Kada ku ce su ma ƙarya ne.

Hajiya_Kulu: Rabi da rabi. Tubman da kanta ta ce takan rera waƙar coci ta Annabi Musa da Fir'auna don mutanen da ta ɓoye a daji su san ta dawo, kuma yanayin rerawar ke nuna musu su fito ko su dakata. Alama ce tsakaninta da mutanenta. Amma wadda aka ce tana ɗauke da taswirar hanya tun daga Alabama, a bi taurarin nan masu siffar ludayi, sai a 1928 aka fara buga ta, kuma mai ƙafar katakon da aka ce shi ya koya wa bayi ita ba a same shi a wata takarda ba. Bin tauraron arewa dai gaskiya ne, da yawa sun faɗa.

Injiniya_Sadiq: Abin da bidiyoyin nan ba sa faɗa shi ne lissafi. A 1860 bayi sun kusa miliyan 4. Waɗanda suka kuɓuta zuwa arewa da Kanada a duk tsawon shekarun, ƙiyasin masana yana tsakanin 30,000 da 100,000. Waɗanda aka sayar daga jihohin bauta na kusa da arewa zuwa gonakin auduga na can ƙuryar kudu sun kai wajen miliyan ɗaya. Yawancin masu kuɓuta samari ne, su kaɗai, daga jihohin kan iyaka irin Maryland, Virginia da Kentucky. Kuma sashen tafiyar da ya fi haɗari, wato cikin ƙasar bauta, yawanci ba mai jagora. Sai ka tsallaka tukuna ka haɗu da masu taimako.

Aminu_Columbus: Kuma ba kowa ne ya yi arewa ba. Na Texas Meziko suke nufa, wadda ta haramta bauta a 1829. Tun kafin nan, a 1738, Sifaniyawa sun kafa wa gudaddu wani sansani Fort Mose a Florida. Wasu kuma cikin fadamar Great Dismal suka shige suka zauna har suka hayayyafa.

Maman_Haidar: Wani ya ba mu na mutumin akwatin nan don Allah, na ji shi sama-sama.

Hajiya_Kulu: Henry Brown. A Richmond yake aiki a kamfanin taba, aka sayar da matarsa tana da ciki da 'ya'yansu uku. A watan Maris 1849 ya sa aka rufe shi a akwatin katako aka aika shi Philadelphia a matsayin kaya. Awa 27, keken doki, jirgin ƙasa, jirgin ruwa, wani lokaci an kifa akwatin kansa a ƙasa. Ya fito da ransa. Frederick Douglass, tsohon bawan da ya zama jagoran yaƙi da bauta, bai ji daɗin yadda aka yayata dabarar ba, ya ce da an yi shiru da wasu da yawa sun bi ta. Baturen da ya aika shi, Samuel Smith, ya sake gwadawa da wasu aka kama shi aka ɗaure.

Ni na Ellen Craft ya fi ba ni mamaki. Fara ce sosai domin uban gidan ne ya haife ta. A Disambar 1848 ta aske gashi ta yi shigar attajirin Bature maras lafiya, mijinta William ya zama bawanta mai yi mata hidima. Ba ta iya rubutu ba, sai ta rataye hannun dama kamar ya karye don kada a ce ta sa hannu a rajistar masauki. Daga Macon ta Georgia, a jirgin ƙasa da na ruwa, cikin masu bayi tana cin abinci tare da su, suka isa Philadelphia ranar Kirsimeti.

Dan_Fagge: Wannan ai ya fi na bargo daɗin ji.

Lauya_Bashir: Bari in sako doka, don a san abin da mai taimako ke sa kansa a ciki. Dokar 1850 ta ce duk wanda ya ɓoye bawa ko ya hana a kama shi, tarar dala 1,000 da ɗaurin wata shida. Wanda ake zargin gudadden bawa ne ba shi da damar ba da shaida don kare kansa. Jami'in da ke yanke hukunci dala 10 ake biyansa in ya miƙa mutum ga mai nema, dala 5 in ya sake shi. Shi ya sa bayan 1850 arewa ma ta daina zama mafaka, Tubman ta koma kai mutanenta St. Catharines a Kanada. A kudu kuwa abin ya fi muni. Jonathan Walker, matuƙin jirgin ruwa, an yi masa lalas da ƙarfe mai zafi a tafin hannu a Florida a 1844. Charles Torrey a kurkukun Maryland ya mutu a 1846. Calvin Fairbank ya yi shekara 17 a kurkukun Kentucky.

Zee_Kaduna: Duk Turawa ka lissafa. Ni abin da ke ba ni haushi ke nan, kullum su ne jarumai.

Malam_Habu: Kina da hujja, kuma akwai dalili. A shekarun 1890 wani farfesa a Ohio, Wilbur Siebert, ya aika wasiƙu yana tattara tunanin tsofaffi, yawancin masu amsawa Turawa ne da 'ya'yansu, kowa na yabon gidansu. Daga nan hoton ya kafu: Bature mai tausayi da fitila, bawa a rakuɓe. Ba a musun irin su Levi Coffin da Thomas Garrett, 'yan ɗariƙar Kwaka ta Kirista, Garrett ma tara ta kusa talauta shi a 1848 bai daina ba. Amma ƙashin bayan aikin baƙaƙe ne 'yantattu: ma'aikatan jirgin ruwa, coci-coci, David Ruggles a New York wanda ya sauki Douglass a 1838, Jermain Loguen a Syracuse, sai William Still a Philadelphia. Still kan zaunar da duk wanda ya iso ya rubuta sunansa, inda ya fito da wanda ya baro, ya buga a 1872. A 1850 wani dattijo ya shigo ofishinsa yana cigiyar iyayensa da ya rabu da su fiye da shekara 40. Yana cikin bayani Still ya gane wansa ne uwa ɗaya uba ɗaya, Peter, wanda mahaifiyarsu ta bari lokacin da ta gudu.

Maman_Haidar: Allahu Akbar. Tsigar jikina ta tashi.

Bakatsine_01: Ku ba ni wuri, mu ma muna da namu a ciki. Mahommah Gardo Baquaqua, haifaffen Djougou a arewacin Benin ta yau, kan hanyar fataken goro zuwa Gwanja. A tarihin rayuwarsa da aka buga a Detroit a 1854 ya ce mahaifiyarsa 'yar Katsina ce. An sayar da shi Brazil wajen 1845. A 1847 uban gidansa, mai jirgin ruwa, ya kai kofi New York da shi a ciki. Masu yaƙi da bauta suka kai maganar kotu, alƙali ya ƙi sakin sa, aka tsare shi, sai aka wayi gari babu shi a gidan yarin. Aka bi da shi Boston, daga can Haiti. Ya dawo ya yi karatu a wata kwaleji a jihar New York, ya zauna Chatham a Kanada, daga baya ya tafi Ingila yana neman hanyar komawa gida.

Dan_Fagge: Katsinawa ba ku barin komai ya wuce ku. Amma na ji an ce ya bar addini.

Bakatsine_01: A Haiti 'yan mishan ɗin Baftis da suka riƙe shi suka yi masa baftisma a 1848. Allah ne masanin zuciya, ni labarin kuɓutarsa na kawo.

Bintu_Zinder: Tun da an zo gida, mu ma fa an yi bauta, da rinji da kasuwar bayi. Muna jinjina wa Tubman, amma in an ce wane zuriyar bayi ne sai a hana shi aure. A Nijar sai 2003 aka mai da bauta laifin da ake hukuntawa.

Lauya_Bashir: A arewacin Najeriya Turawa sun ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma ba su soke bautar gaba ɗaya ba sai 1936. Da bayi suka yi ta gudu bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, gwamnatin ba ta so ba, ta fi son a bi ta murgu da fansar kai a gaban alƙali.

Hajiya_Kulu: Kakata takan ba da labarin wata mata da ta shigo gidansu da dare da goyo, aka ɓoye ta a rumbu kwana da kwanaki, masu nema suka zo mai gida ya ce shi bai ga kowa ba. A gidan ta tsufa. Malam Habu zai ce ruwayar mutum ɗaya ce.

Malam_Habu: Hajiya, ranki ya daɗe, wannan na karɓa. Kakarki gidansu ta faɗa, ba ta ce ƙasa duka haka ake yi ba.

Ummu_Safiyya: Allah ya saka da alheri. Zan ba ta na Ellen da na William Still. Kitson zan ce mata mutanen Palenque ne ke faɗa.

Dan_Fagge: Ni dai har yanzu ban sallama bargon ba. Wata rana za a tono wata takarda.

Zee_Kaduna: Tambaya ɗaya. Bayan duk wannan aikin, gwamnati ta biya Tubman kuwa?

Hajiya_Kulu: Ta yi shekaru fiye da 30 tana nema. Da farko dala 8 a wata aka ba ta, shi ma a matsayin matar marigayi soja, mijinta na biyu Nelson Davis. A 1899 aka ƙara ya zama dala 20 saboda aikin jinya da ta yi, leƙen asirin da ta yi wa soja ba a saka shi a lissafi ba. Ta rasu a 1913 a gidan kula da tsofaffin da ita ta kafa a Auburn.

Injiniya_Sadiq: A 2016 aka sanar za a sa hotonta a takardar dala 20. Aminu, kai da ke can, ka taɓa riƙe ta?

Aminu_Columbus: Ina fa. Wadda ke aljihuna yanzu tsohon shugaban ƙasa Andrew Jackson ne a jiki, shi kuwa bayi fiye da ɗari ya mallaka a gonarsa ta Tennessee.